Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Kayan Da Ya Kamata Su Kwana A Mota

 Makon nan zancenmu na mota ne. Na san wata za ta ce, "Ina ruwan mace da kayan mota? Ai wannan aikin direba ne da yaronsa." To, ki saurara. Direba motarsa yake shirya wa, watau ƙarfe da roba. Amma abin da ke cikin motar mutane ne, har da masu ciki da jarirai da tsofaffi. Ran da mota ta mutu tsakanin Anka da Ɗaki Takwas da rana tsaka, sifana ba ta kashe wa yaro ƙishirwa, jak kuwa ba ya tsai da jini. Wannan rabin shirin a hannunmu yake. In ba mu yi shi ba, ba mai yi.

Ki dubi yadda ƙasar tamu take. Tun da aka yanke Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996, Gusau ce babban birni, tana can gabas. Mu kuwa muna yamma. Anka ce a kusa, sa'an nan Bukkuyum, sa'an nan Gummi can ƙarshe, har ma Sakkwato ta fi Gusau kusa da mutumin Gummi. Manyan asibitocin da akan tura mutum in ciwo ya gagari na gida, watau Asibitin Tarayya na Gusau da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, duka tafiyar awoyi ce. Tsakanin gari da gari kuwa sai daji da gonaki. Ga kuma abin da kowa ya sani, ba sai an tona ba. A farkon watan Janairu 2022 'yan bindiga sun faɗa wa ƙauyuka da dama na Anka da Bukkuyum, aka yi asarar rayuka masu yawa, kuma tun kafin nan direbobinmu ba su son magariba ta same su a hanya. Saboda haka a nan wajenmu, motar da ta ɓata awa uku tana jiran aron jak ba lokaci kaɗai ta ɓata ba.

Mutanen da sun fi mu sanin wannan. Sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Gusau da Ƙaura Namoda a 1929, lori-lori suka shiga jidar gyaɗa da auduga daga ƙauyuka zuwa tashar jirgi. Ki tambayi kakanki yadda lorin wancan zamani take. Ba ta tashi sai da shebur da gatari da igiya mai kauri, da garwar ruwa, da kayan faci. Karen mota yana maƙale a baya da waigi a hannu, in an zo hawa ta ja baya ya dira ya cusa shi ƙarƙashin taya. Sun san in ta lalace, su ne makanikai, su ne masu ja, su ne masu abinci. Yanzu kuwa wayar hannu ta sa mutane sun sake. Da ka ce wa saurayin direba ina kaza, sai ya ce, "In wani abu ya faru ai sai a buga waya." Ashe ya manta da watan Satumba 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara kaf saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni da yawa mutum sai ya tafi wata jiha kafin ya ji muryar ɗan'uwansa. Ko yau da layukan ke buɗe, akwai wurare a hanyoyinmu inda waya ke komawa madubi kawai.

To, bari mu fara da kayan maza, gama ko da yake ba ke za ki ɗaura taya ba, idonki yana da amfani. In motar maigida ce, ki zaɓi ranar da ba tafiya, yana cikin nishaɗi, ki ce, "Maigida, don Allah buɗe mini bayan motar nan in gani." Abu na fari tayar canji. Kasancewarta a wurin bai isa ba, sai an danna an ji da iska a ciki. Sau da yawa akan ciro ta a daji a tarar ta fi wadda ta fashe laushi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere da ke faɗin ranar haihuwarta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kin ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. 'Yan makaranta, ga aiki mai sauƙi da za ku yi wa gida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin kada a yi ta gudu da tayar da ta haura shekara huɗu, ko da zanenta bai suɗe ba, domin roba tana tsufa tana tsattsagewa daga ciki. Zafin kwalta na watan Maris da Afrilu kuwa shi ne mai tona mata asiri.

Bayan taya sai jak da sifanar kwance ƙusoshi, da famfo. Amma akwai wani abu da ba a sayarwa a shagon kayan mota, ga shi kuwa ya fi wasunsu amfani a ƙasar yashi da laka: guntun katako mai faɗi da kauri. In aka kafa jak a kan rairayi ba katako a ƙarƙashinsa, maimakon mota ta tashi sai jak ya nutse. Da damina kuma, in taya ta kafe a taɓo, wannan katakon akan cusa mata ta taka ta fito. Sai igiyar ja, da shebur ko ƙaramar fartanya, da wayoyin nan biyu, ja da baƙa, na tada batir daga wata mota. Fambel da fulogi ba su da nauyi, ba su cin wuri, ga shi rashin ɗayansu yakan kwanar da mutum a daji. Guntun gatarinka, in ji Bahaushe, ya fi sari ka ba ni.

Akwai biyu da hukuma ke tambaya a shinge, mutane kuwa suna sayensu don tsoron tara kawai. Ɗaya jar tukunyar nan ta kashe gobara. Tana da ɗan agogo a wuyanta. In allurar tana kan kore, da ranta. In ta faɗi kan ja, kwalliya ce kawai. Wurinta kusa da direba ne, inda hannu zai kai nan da nan, ba can ƙarƙashin buhunan gero ba. Ɗayan kuwa jar alama mai kusurwa uku, wadda akan ajiye a bayan motar da ta lalace don mai zuwa ya hango. Mu nan mun saba da karyo ganye a jera a titi. Ba laifi da rana, amma da dare ganye ba ya ƙyalli. Abin da ya fi ba ni haushi kuwa shi ne masu gyara motarsu su tafi su bar duwatsu da rassan a tsakiyar hanya, wani bawan Allah mai babur ya zo ya yi karo da su.

Wani ya kan ce shi gwanin shiri ne, sai ya cika jarka da fetur ya ajiye a cikin mota. Kada ki yarda ki zauna da yara kusa da ita. Ba ruwan fetur ɗin ne kaɗai ke kama wuta ba, tururinsa ma ya isa, ga mota a rufe, ga zafi, ga wani yana kunna taba. Ban da haka, tun dokar da Gwamna Bello Matawalle ya kafa a 2021 ta hana sayar da mai a jarka don toshe wa 'yan bindiga hanya, jami'an tsaro ba su kallon mai jarkar fetur da idon rahama. A cika tanki a gari tun kafin a tashi, shi ke nan. Jarkar da ta cancanci wurin nan ta ruwa ce, don lagireto. In injin ya yi zafi har yana tururi, ki janye yara nesa, ki kuma ce wa maigida ya dakata ya huce kafin ya taɓa murfin. Ruwan ciki a matse yake, ya kuma wuce tafasa, yana buɗewa sai ya feso a fuska.

In motar haya ce fa, Golf ko bas ko Canter ta ranar kasuwa? Ba ki da ikon bincike, amma kina da ido da baki. Tun kafin ki biya, ki zagaya ki dubi tayoyin. In kin ga wadda ta yi sanƙo har zare ya fito, ki jira ta gaba. Ba rashin kunya ba ne ki ce, "Malam direba, da tayar canji kuwa?" In sauran mata suka ji, su ma za su sa baki, direba kuwa ba ya son fasinja su watse.

Kada wata ta ce mata ba su san kan mota ba. Mutumin da ya fara yin doguwar tafiya da mota a duniya mace ce. Sunanta Bertha Benz, matar Bajamushen nan Karl Benz wanda ya ƙera motar. A watan Agusta 1888 ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu da asuba, ba ta gaya wa mijin ba, ta tuƙa daga garin Mannheim zuwa Pforzheim wajen mahaifiyarta, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai. A hanya bututun mai ya toshe, ta zare dogon fil na hularta ta sokace shi. Wata waya ta goge, ta naɗe ta da igiyar safarta. Mai ya ƙare, ta saya a kantin magani, gama ba gidan mai ko ɗaya a duniya a lokacin. Birki ya cinye, ta sa baduku ya buga masa fata. Ban ce ki saci motar maigida ba! Amma ki lura, abin da ya cece ta ƙananan kayan jikinta ne.

Yanzu mu zo kan namu ƙunshin. Ki nemi jaka guda mai ƙarfi, ba babba ba, ki ware ta don tafiya kaɗai, kada a riƙa zarar kayan cikinta don hidimar gida.

Ruwa ne kan gaba, kuma a nan ne muka fi yin sakaci. Mukan ce ai za a saya a hanya. Masu tallan ruwa kuwa a bakin gari suke, mota ba ta zaɓar bakin gari ta lalace. Ki ƙiyasta awoyin tafiyar, ki ninka biyu, ki ɗebi ruwan da zai ishe ku. Mai shayarwa tana bukatar fiye da kowa. Tare da ruwan ki ƙulla sukari da gishiri da ƙaramin cokalin shayi, ko kuwa ki sayi ƙunshin garin nan na ruwan gishiri da sukari a kantin magani, wanda ya fi daidai. Gudawa da amai suna iya tsotse jariri cikin yini guda, kuma ba mu manta da kwalarar 2021 ba, wadda ta yi ɓarna a Zamfara da maƙwabta. Ga awon, ki haddace shi kamar karatun allo: ruwa mai tsabta lita ɗaya, watau ledar ruwan sha biyu, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada ki ƙara gishiri wai don ya fi ƙarfi, yawansa cuta ne. Ki riƙa ba yaro kaɗan kaɗan da cokali. In ya amayar, ki dakata minti goma ki ci gaba, nono kuma kada a tsai da shi.

Na biyu zane. Ba abin da ya kai tsohon zanen atamfa wankakke yawan aiki a hanya. Ki wanke biyu ko uku, ki shanya a rana, ki goge, ki sa a leda ki ƙulle. Shi ne inuwa in an ɗaura a jikin mota, shi ne shimfiɗa, shi ne mayafin yaro da hunturu, shi ne sitirar mace in wata lalura ta taso cikin maza. In kuwa aka yi haɗari, shi ne bandeji. Jinin da ke zuba ba a tsai da shi da ƙasa, ko toka, ko garin taba, ko baƙin mai. Ki ninka zane ki danne bakin raunin da ƙarfinki, ki riƙe minti goma ba ɗagawa don leƙe. In ya jiƙe, ki ɗora wani a kai, kada ki cire na farkon. Ki sa safar hannu ta roba in kina da ita, in babu ki zura hannu cikin leda mai tsabta. Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi, kuma kada a ɗura masa ruwa, ko da yake na san tausayi ne ke sa mu yin haka. Wanda ke kukan wuya ko baya, kada a fizgo shi kamar buhu. A tallafi kansa da jikinsa su tafi a miƙe tare, sai fa in wuta ce ta kama.

Ƙuna kuma, ko ta lagireto ko ta salansar babur, maganinta na farko ruwa mai sanyi ne, a yi ta kwarara har wajen minti ashirin in ruwan ya samu, sa'an nan a rufe da tsumma mai tsabta. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja. Ki haɗa da almakashi, da fil, da sabulu, da auduga, da ƙwayar farasitamol. In wani a gidan yana shan maganin hawan jini, ko na ciwon sukari, ko na asma, a riƙe na kwana biyu fiye da kwanakin tafiyar. Amma magani ba ya kwana a mota, gama zafin cikinta yana kashe shi. Da zancen zafin ya zo, kada a bar yaro cikin mota a rufe ko na minti biyar, wai za a shiga kasuwa a fito. Haka kuma kada a kwana ciki da gilashi a rufe inji yana aiki, hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya farka ba.

Wani abin da ya kamata ki sani, gama tsoro yakan hana mutane taimako. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. A 2017 kuma aka sa hannu kan dokar da ta wajabta wa asibitoci su yi wa mai raunin harsashi magani nan take, ba sai an kawo takardar 'yan sanda ba. Saboda haka in an ɗauko mutum, asibiti za a nufa kai tsaye.

Masu ciki, ku matso kusa. In watanki ya kama, kowace tafiya ki ɗauka haihuwa tana iya zuwa a cikinta. Ki riƙe sabuwar reza a takardarta ba a buɗe ba, da zare mai ƙarfi wanda aka dafa aka busar, da sabulu, da ledar shimfiɗa, da zannuwa, da hular jariri, da man nan na cibiya da ake bayarwa wajen awo, da katin awon kansa. In abin ya zo a hanya, mai karɓa ta wanke hannu da sabulu. A goge jariri ya bushe nan da nan, a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, a rufe su tare, a sa shi a nono. A ɗaure cibiya wuri biyu a yanka a tsakani. Kada a ja mabiyiya da ƙarfi. Sa'an nan a ci gaba da tafiya asibiti ko da kowa ya ga kamar lafiya, domin zubar jini bayan haihuwa ita ce ta fi kashe mata, tana kuwa iya gamawa da mace cikin awa biyu. Wajejen 2010 an yi wani shiri da ƙungiyar direbobi ta NURTW a Zamfara da Katsina da Yobe, inda aka koya wa direbobin tasha yadda za su ɗauki mai naƙuda zuwa asibiti ko da tsakar dare. Hikimar shirin tana nan ko ba shiri: tun ciki yana wata bakwai, maigida ya yi magana da direba amintacce guda, da wani na biyu, a ware kuɗin mai a ajiye.

Sai haske. Tocila ta gaske da batir sabo, ba ta waya ba, gama cajin wayar kina bukatarsa don kira. In dole ta sa aka sauka da dare don lalura, a haska ƙasa kafin a taka. Kububuwa tana son gefen hanya da wuraren duwatsu. In ta sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti a nemi allurar dafi. Amma fa ki yi hankali da hasken nan. A wurin da ake tsoron mutanen daji, ba a yawo da tocila sama ana haska itatuwa.

Takarda ita ce aikin 'yan makaranta. Yau wa ya haddace lambar kowa? Duk suna cikin waya, in ta mutu ko ta faɗi ko aka ƙwace, shi ke nan an zama baƙo a duniya. Ku rubuta a kati da babban baƙi: sunan mai jakar, da garinsu, da unguwa, da lambobin mutum uku na gida, da irin jininta in an sani, da ciwon da take fama da shi. Ku ƙara 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, da 112 ta neman agaji, duka biyu kyauta ake kiransu. A sa katin a leda. Ƙananan yara ma a sa musu irinsa a aljihu, gama in aka watse a guje, yaro ɗan shekara uku bai san sunan ubansa ba sai Baba. Katin shaidar ɗan ƙasa kuma kada a bar shi a gida, saboda shingayen hanya. Kafin a tashi a gaya wa na gida motar da aka shiga da lokacin da ake sa ran isa, don in shiru ya yi yawa a san inda za a fara nema.

Kuɗi kuma a riƙe tsaba, ƙanana, a raba wuri biyu, wasu a jaka wasu a lalita. Farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, ya koya mana cewa mutum yana iya zama da dukiya a banki ya rasa na sayen ƙosai. Mai faci na ƙauye kuwa hannu da hannu ya sani.

Guzuri ba sai na koya wa Bazamfara ba. Hoce, da ƙuli-ƙuli, da dabino, da soyayyar gyaɗa, da garin rogo da sukari, duk suna jure rana. Fura da nono da dafaffiyar shinkafa kuwa a ci su da wuri, in sun wuni a zafi su ne masu kawo gudawar da muke gudu. Amma ga wani gargaɗi da ya shafe mu fiye da kowa a Nijeriya. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, bayan likitocin ƙungiyar MSF sun lura yara suna mutuwa da yawa. Yara wajen 400 suka rasu. Dalilin kuwa ƙurar dutsen zinariya ce da ake daka a cikin gidaje. Ƙurar nan ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, tana kuma bin buhu da tufafi da takalmi. Mota ko babur ɗin da ya yi dakon dutsen ma'adinai yana ɗauke da ita. Kada ki zaunar da yaro a kan irin buhunan nan, kada ki ɗora abinci a kansu. Ki rufe guzuri a kwano mai murfi, ki wanke hannun yaro da sabulu kafin ya ci. In motar gida ce ta yi irin wannan dako, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada a kakkaɓe, gama kakkaɓa tada ƙurar take yi.

Na san da yawa cikinku babur ne motarku, na maigida ko na kabu-kabu. Duk abin da na faɗa na jaka yana nan, sai dai a rage. Maigida ya riƙe famfo da kayan faci da fulogi ƙarƙashin sirdi. Ke kuwa kafin a tashi ki tattare bakin hijabi da zane ki danne a cinya. Mata nawa ne sarƙa ko tayar baya ta kama wa mayafi ta fizgo su ƙasa da goyo a baya? Hular kwano kuma ba ta maza kaɗai ba ce, kan mace ma ƙashi ne.

Mutanen Gummi da na bakin Gulbin Zamfara suna da wata motar ta uku, watau kwale-kwale. A 2024 ambaliya ta ci gidaje da yawa a Gummi, a watan Satumba na shekarar kuma jirgin da ya ɗebo manoma za su ƙetara zuwa gona ya kife, mutane da dama suka rasu. In akwai rigar ruwa, ki sa, ki sa wa yaro, ko da ana dariya. In babu, jarka wadda ba kome a cikinta, an murɗe murfinta tam, tana iya riƙe mutum a saman ruwa. In kin ga jirgi ya cika har ruwa yana lasar bakinsa, ki jira sawu na biyu. Haka in mota ta iso inda ruwa ke gudu bisa hanya, ki roƙi direba ya tsaya a ga zurfinsa. Ruwa mai gudu da ya kai ƙafa biyu yana iya ɗaukar ƙaramar mota.

Saura wurin ajiya. Yaran mota suna son karɓe kowace jaka su cusa a but, su ɗora buhuna, su ɗaure da igiya, ko su jefa ta can saman kaya. Ki ba su akwatin tufafi da ƙullin tsaraba, amma wannan jakar ki ce a'a. Wurinta cinyarki ne ko tsakanin ƙafafunki, da maratayi wanda za ki iya saƙalawa a wuya ki bar hannuwanki biyu don yara in ta kama a sauka da sauri. Da kin dawo gida kuma, kafin ki kwance tsaraba, ki zubar da ruwan da ya kwana ki wanke gorar, ki cire batir daga tocila don kada ya zube a ciki, ki mayar da abin da aka taɓa, ki rataye ta a ƙusa bayan ƙofa inda hannun yara ba ya kai.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.